Neman asali a gaɓar Tafkin Kainji: Abin da tsofaffin takardu da gwajin DNA za su iya faɗa

A shekarar 1968 aka tare Kogin Neja, wanda mutanen yankin ke kira Kwara, a madatsar ruwa ta Kainji. Ruwan ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, daga kusa da Sabuwar Bussa har zuwa Yelwa, fadar Masarautar Yauri. Kimanin mutum 44,000 aka tasa daga garuruwa da ƙauyuka da tungaye sama da 200, aka sake tsugunar da su a sababbin wurare. Ruwa ya shafe gidaje da gonakin albasa da kasuwanni da maƙabartu. Yaron da ke da shekara goma a wancan lokaci, yau ya doshi saba'in.

'Ya'ya da jikokin waɗannan mutane su ne yanzu ke kasuwanci a Yelwa da Birnin Kebbi da Kontagora, ko aikin gwamnati a Sakkwato da Kaduna da Abuja. Da yawa daga cikinsu sun san sunan kakansu, amma ba su san sunan mahaifin kakan ba, balle tsibirin da aka haife shi. A daidai wannan lokaci ne tallace-tallacen gwajin ƙwayoyin halitta na DNA suka cika wayoyi, suna alkawarin gaya wa mutum asalinsa daga ɗan yawun da zai tofa a kwalba.

Hanyoyin neman asali uku ne: bakin dattawa, rubutattun takardu, da gwajin DNA. A ƙasar Yauri da Ngaski da Shanga, ƙarfinsu ya bi wannan jeri ne. Wanda ya fara da na ukun zai kashe dala ya samu amsa mai faɗi da ba ta ambaci ko da ƙauye ɗaya ba, alhali na farkon, wanda ya fi kowanne amfani, shi ne ke ƙarewa kullum.

Dalilin da ya sa sawun ke ɓacewa

Tafkin ba shi ne farkon abin da ya tarwatsa jama'ar yankin ba. A ƙarni na 19 rikicin sarauta ya raba Yauri da tsohuwar fadarta ta Bin Yauri, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski a yau, har Sarki Abdullahi Abarshi ya zaunar da sarautar a Yelwa a 1888. A cikin wannan ƙarni kuma hare-haren Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim daga Kontagora suka kori Kambari da Dukkawa da maƙwabtansu daga gidajensu, aka kama wasu, wasu suka fake a tsibirai da duwatsu, har zuwa lokacin da Turawa suka ci Kontagora a 1901. Yauri kuma mashiga ce a kan hanyar fataken goro tsakanin Kano da Gwanja, don haka akwai waɗanda suka bi ayari suka zauna a zangunan Salaga da Kumasi, ba su dawo ba.

Abu na biyu shi ne sauyin harshe. Yankin gida ne ga Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Bareshe, da Kambari da Dukkawa da Shangawa da Lopawa da Larawa, sannan ga Hausawa da Fulani da Sarkawa masunta. Kalmar "Gungawa" kanta Hausa ce, daga "gungu", wato tsibiri. Harshen Shanga kuwa ɗan gidan harsunan Mande ne, dangin Kyanga da Busa, kuma yawancin Shangawa yanzu Hausa suke yi. Wani masani Ba'amurke, Frank Salamone, wanda ya yi bincike a Yauri a farkon shekarun 1970, ya yi rubutu a kan yadda Gungawa ke rikiɗa su zama Hausawa ta hanyar Musulunci da aure da zaman gari. Idan harshe ya tafi, sunayen kakanni da kirarin gida kan bi shi, domin da wancan harshen aka ajiye su.

Abu na uku shi ne yawan sauyin hukuma. A farkon mulkin Turawa Yauri tana Lardin Kontagora; a shekarun 1920 aka mayar da ita Lardin Sakkwato. Daga 1967 ta shiga Jihar Arewa maso Yamma, daga 1976 Jihar Sakkwato, daga 27 ga Agustan 1991 kuma Jihar Kebbi. A 1915 ma Turawa sun taɓa sanya Bussa a ƙarƙashin Yauri, abin da ya haddasa boren da Michael Crowder ya rubuta littafi a kansa a 1973. Kowane sauyi ya kwashi takardu zuwa wani gari. Labarin gida ɗaya na iya kasancewa rarrabe tsakanin Kaduna da Sakkwato da Birnin Kebbi da Minna.

A fara da masu rai

Da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ya girma a tsibiran kafin 1968 shi kaɗai ne zai iya cewa gidan wane yana gabas da masallaci, kuma matar wane daga tunga kaza aka auro ta. Babu wata takarda da ta ƙunshi wannan. Matsalar tsaro ta 'yan shekarun nan, wadda ta sake tashin wasu ƙauyukan Ngaski da Shanga, ta ƙara wa aikin gaggawa.

Mai bincike ya nemi izini, ya kunna rikodar wayarsa, ya fara da abin da dattijon ke jin daɗin faɗa: sana'ar gida, kokawar da aka yi a zamaninsu, ranar da aka kwashe su. Sunaye kan fito da kansu a cikin labari fiye da yadda suke fitowa idan aka tsare mutum da tambaya. Kada a tsaya ga maza. Gwaggo da inna da kaka mace su ne suka fi riƙe lissafin aure da haihuwa da goyo, kuma su suka san wanda ɗan riƙo ne da wanda ɗan ciki ne. A ji kowa shi kaɗai, sannan a gwada maganganun; inda mutum biyu da ba su zauna tare ba suka faɗi abu ɗaya, an samu turke.

Sunaye na buƙatar kulawa. Mutum ɗaya na iya samun sunan yanka, da laƙabin da uwa ta sa masa saboda alkunya, da sunan harshen gidansu, da kuma sunan da aka rubuta masa a makaranta. A Arewa an saba rubuta wa ɗalibi sunan garinsu a matsayin suna na biyu, shi ya sa ake da Aminu Kano da Shehu Shagari. Wanda ke amsa "Yelwa" ko "Wara" a takardunsa, mai yiwuwa can ya shiga makaranta kawai, asalin gidansu yana wani ƙauye. Amma laƙabi ma shaida ne. Gambo ya biyo tagwaye, Tanko ya biyo mata, Audi an haife shi bayan rasuwar mahaifinsa, Azumi da Sallau kuma sun nuna watan haihuwa. A tambayi kuma irin tsagar fuskar kakanni da taken gida da waɗanda gidan ke wasan taubasantaka da su, domin duk alamun asali ne.

Dattawa ba su cika faɗin shekara da lamba ba, sai dai su jingina ta ga wani abu da ya faru. Jerin sarakunan Yauri ma'auni ne mai kyau: Abdullahi Abarshi daga 1888 zuwa 1904, Sarki Abdullahi ɗan Jibrilu daga 1923 zuwa 1955, Muhammadu Tukur daga 1955 zuwa 1981, Shu'aibu Yakubu Abarshi daga 1981 zuwa 1999, sai mai martaba Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi daga 1999. Haka nan annobar mura ta 1918, zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, cikar tafki a 1968, canjin hannun tuƙi a 1972, fitowar naira a 1973, da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya a 1976. Idan an samu shekarar Hijira a rubuce, a ninka ta da 0.97 a ƙara 622. Alal misali 1388 za ta ba da 1968.

Takardun da ke cikin gida da cikin gari

Kafin a hau mota zuwa Kaduna, a buɗe adakar gida. Malamai da dama sun saba rubuta ranar haihuwa ko rasuwa a gefen Alƙur'ani ko a bangon littafi, da Larabci ko da ajami, kuma mai kwafar littafi kan rufe da sunansa da na mahaifinsa. Rasiɗin haraji da na jangali, tsohon fasfon aikin hajji, takardar sallama ta tsohon sojan da ya je yaƙin Bama, takardar kammala firamare, katin fansho, da hoton da aka rubuta wani abu a bayansa, kowanne na ɗauke da suna da wuri da shekara. A ɗauki hoton kowace takarda gaba da baya, a bar asalin a hannun mai ita.

A cikin gari, babu takardar da ta kai ta rabon gado amfani. Alƙali ba ya raba gado sai an lissafa magada ɗaya bayan ɗaya: mata, 'ya'ya maza da mata, iyaye idan suna raye. Shafi ɗaya na iya ba da gida sukutum a shekara sananniya. Kotunan En'e sun koma hannun gwamnatin jiha a 1968 da sunan kotunan yanki, don haka tsofaffin littattafansu sai a tambaya a kotun da ta gaje su ko a ma'aikatar shari'a. Fadar sarki da gidajen hakimai da dagatai su ne suka san jerin masu sarautar kowane gari, rajistar shiga makaranta kuma kan ɗauki sunan uba da ƙauye. Ga iyalan Kirista, littattafan baftisma da na aure a majami'u suna yin irin wannan aiki. Rajistar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa kuwa ba za ta kai mutum nesa ba, domin dokar da ta wajabta ta a duk ƙasa ta 1992 ce.

Ma'adanan Kaduna, Sakkwato da Zariya

Reshen Kaduna na Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa shi ne babban rumbun takardun mulkin Turawa a Arewa. Fayilolin Lardin Sakkwato suna ƙarƙashin alamar SOKPROF, na sakatariyar lardunan Arewa kuma SNP. Abin da ya fi dacewa da mai neman asali shi ne rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi, inda Di'o ke zagaya ƙauyuka ya rubuta sunayensu da ƙabilun mazauna da yawansu da sana'o'insu, sau da yawa har da labarin kafuwar gari kamar yadda dattawan lokacin suka ba shi. Ke nan a cikin fayil ɗin akwai muryar mutanen da aka haifa tun ƙarni na 19.

Akwai kuma ayyukan da aka buga. E. C. Duff ya fitar da kundin bayanan Lardin Kontagora a 1920. P. G. Harris, jami'in mulki da ya yi aiki a yankin, ya wallafa dogon bayani a kan Yauri da al'ummominta a 1930. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Sakkwato, ya rubuta kundin digirinsa na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello a 1968 a kan Yauri a ƙarni na 19. Gidan Arewa a Kaduna da Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato suna ajiye rubuce-rubucen Larabci da ajami da na boko.

Game da tashin 1968, hukumar da ta gina madatsar, wato Hukumar Madatsun Neja, an haɗe ta da hukumar lantarki a 1972 aka kafa NEPA. Masana sun yi nazarin ƙauyukan kafin tashin da bayansa: Farfesa Akin Mabogunje ya shirya littafi a kan zamantakewa da tattalin arzikin yankin a 1973, Wolf Roder kuma ya wallafa nasa a 1994. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Bussa, wadda ta samo asali daga shirin binciken tafkin na 1968, wuri ne da ya kamata a tambayi rahotanni da taswirorin wancan zamani. Tsohuwar taswira ita ce ke nuna inda ƙauyen da ya nutse yake da kuma maƙwabtansa, wato inda ake auratayya da shi.

A shiga ma'adana da sanin iyakarta. Turawa sun rubuta sunayen sarakuna da hakimai da dagatai da masu ƙara a kotu. Talaka manomi ko masunci lamba ce kawai a jadawali. Galibi abin da za a samu tarihin ƙauye ne, ba na gida ba. Rubutun sunaye ma ya sha bamban: Yauri da Yawuri, Wara da Warra, Bussa da Boussa. 'Yan'uwan nan biyu Richard da John Lander, waɗanda suka zauna a Yauri a 1830 suna neman takardun Mungo Park ba su samu kundin tafiyarsa ba, "Yaoorie" suka rubuta. Sannan abin da Di'o ya rubuta ta bakin tafinta ya ji shi, kuma wanda ya ba shi labarin yana da nasa buri, musamman idan maganar sarauta ce.

Yadda gwajin DNA yake aiki

Da farko a bambance abu biyu. Gwajin tabbatar da uba, wanda dakunan gwaje-gwaje ke yi a manyan biranen Najeriya, yana gwada mutum biyu ko uku ne da aka kawo, ya ce e ko a'a. Gwajin neman dangi daban ne: kamfanoni irin su AncestryDNA da 23andMe da FamilyTreeDNA da MyHeritage suna karanta DNA daga yawu ko daga abin da aka goga a cikin kunci, su gwada shi da na duk waɗanda ke rumbun bayanansu, su fitar da jerin mutanen da aka yi tarayya da su.

Gwajin iri uku ne. Na farko yana duba kuromosom 22 da mutum ya gada bibbiyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, don haka yana ganin dangin ɓangarorin biyu. Na biyu yana duba kuromosom Y, wanda ɗa namiji kaɗai ke gada daga ubansa, shi ma daga nasa uban. Na uku yana duba DNA na mitokondiriya, wanda kowa ke gada daga uwa, amma mata kaɗai ke miƙa shi gaba. Mutum yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayensu 8, sannan 16, sannan 32. Gwajin Y yana magana ne a kan mutum ɗaya daga cikin 32 ɗin nan, na mitokondiriya ma ɗaya. Sauran 30 ba su cikin labarin.

Ana auna tarayyar da ke tsakanin mutum biyu da ma'aunin santimogan. Uba da ɗa suna tarayya a kusan 3,500. Shaƙiƙai kimanin 2,600. 'Yan uba, ko kaka da jika, ko baffa da ɗan ɗan'uwansa, kimanin 1,750. 'Ya'yan wa da ƙani kimanin 850. Waɗanda kakanninsu ne wa da ƙani kimanin 230, jerin da ke biye kuma kimanin 70. Daga nan abin ke dusashewa: a wannan jeri na ƙarshe, kusan ɗaya cikin goma ba za su ga juna a gwajin ba ko da dangantakarsu gaskiya ce, a jeri na gaba kuwa kusan rabi. Wato gwajin yana da ƙarfi ne zuwa kakanni biyar ko shida, abin da ga wanda aka haifa a 1980 zai kai shi wajen farkon ƙarni na 19.

Inda gwajin ke gazawa a ƙasar Yauri

Gwajin ba ya nuna dangi sai waɗanda su ma suka yi shi a kamfani ɗaya. Rumbun AncestryDNA ya haura mutum miliyan 20, amma mafi yawansu mazauna Amurka da Turai ne. Ɗan Shanga ko ɗan Wara da ya yi gwajin yau, da wuya ya ga ɗan baffansa a jerin, sai fa idan shi ya saya masa kwalbar.

Kason ƙabila da ake nunawa, kamar "kashi kaza Najeriya, kashi kaza Mali", ƙiyasi ne da aka gina a kan mutanen da kamfanin ya ɗauka a matsayin ma'auni. Manyan ayyukan kimiyya da suka fara tattara DNA daga Najeriya sun ɗauki samfuri ne daga Yarabawan Ibadan da kuma Esan. Al'ummomin gaɓar Kainji ba su da wakilci irin wannan, don haka na'ura za ta jingina mutum ga wanda ya fi kusa a cikin abin da take da shi. Shi ya sa kason kan sauya duk lokacin da kamfani ya sabunta ma'auninsa, alhali jinin mutum bai sauya ba. Hausanci kuma, kamar yadda tarihin Yauri ya nuna, harshe ne da addini da zaman tare. Ba alama ba ce a cikin jini da za a auna.

Sakamakon gwajin Y ma yana bukatar natsuwa. Wani bincike da Fulvio Cruciani da abokan aikinsa suka wallafa a 2010 ya nuna cewa reshen da ake kira R1b-V88 ya yawaita a tsakanin masu magana da harsunan Cadi, dangin da Hausa ke ciki, yayin da reshen E-M2 ya bazu a faɗin Afirka ta Yamma. Waɗannan rassa sun rabu ne dubban shekaru da suka wuce. Ba za su tabbatar wa kowa cewa kakansa daga Katsina ko Gabas ya zo ba, kuma ba za su ƙaryata shi ba.

Tsarin aurenmu ma yana rikita lissafin. Jadawalin santimogan an gina shi ne a kan zaton cewa mutum biyu ta hanya ɗaya suka haɗu. A inda ake auren zumunci, ko a tsibirin da gidaje kaɗan suka daɗe suna auratayya, mutum biyu kan haɗu ta hanya uku ko huɗu, sai lambar ta kumbura, dangi na nesa ya bayyana kamar na kusa. A gidan mata da yawa kuwa akasin haka ne: 'ya'yan 'yan uba suna tarayya a kusan rabin abin da 'ya'yan shaƙiƙai ke da shi, wato wajen 430 maimakon 850. Lamba ɗaya na iya nufin dangantaka iri-iri, kuma salsalar da aka rubuta daga bakin dattawa ce kaɗai ke zaɓar wadda ta dace.

Dangin da ke ƙetare

Abin da ɗan yankin zai fi gani a jerinsa shi ne baƙaƙen fatar Amurka da Karibiyan da Birazil, da tarayya ƙarama, sau da yawa ƙasa da santimogan 20. Idan ta yi ƙasa ƙwarai, tana iya zama dacewa ce kawai. Amma wasu na gaskiya ne, kuma tarihi ya san hanyarsu. An sayar da mutane daga ƙasar Hausa da Nufe da Bargu zuwa gaɓar teku, har Hausawa suka jagoranci boren bayi a Bahiya ta Birazil a 1807. A Firitawun ta Saliyo, wani malamin mishan Bajamushe, Sigismund Koelle, ya tattara kalmomin harsunan 'yantattun bayi ya wallafa a 1854, kuma Kambari na cikin harsunan da ya samu masu magana da su. Rajistocin waɗanda aka ceto daga jiragen bayi, da ke ɗauke da sunaye sama da 90,000, suna shafin SlaveVoyages a intanet, kuma a asalin littattafan an bayyana tsagar fuskar wasu daga cikinsu.

Ga wanda ke can, samun ɗan Ngaski a jerinsa babban abu ne, domin wataƙila shi ne karo na farko da ya ji sunan wani yanki takamaimai. A amsa masa da mutunci da gaskiya: an haɗa kaka a wani wuri shekaru 200 ko fiye da suka wuce, amma gwajin bai faɗi sunansa ko garinsa ba. Kada a ƙirƙira masa salsala don a faranta masa rai.

Shari'a, sirri da abin da ka iya fitowa

A fiƙihun Musulunci nasaba tana tabbata ne ta aure da iƙirari da shaida. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na Makka a 2002, ta yarda a yi amfani da DNA wajen gano jariran da aka musanya a asibiti, da wanda ba a san nasabarsa ba, da gawarwakin da ba a gane ba, amma ta hana amfani da shi wajen kore nasabar da ta riga ta tabbata a shari'a. Saboda haka sakamakon da aka sayo a intanet ba hujja ba ce ta cire wani daga gado ko ta tayar da rigimar sarauta.

Bincike kuma yakan tono abin da ba a nema ba: ɗan riƙon da ba a taɓa gaya masa ba, ɗan'uwan da ba a san da shi ba, ko kakan da ya shigo gidan ta hanyar bauta. Dokar Turawa ta 'yanta duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilun 1901, kuma ba a soke bautar baki ɗaya a Arewa ba sai 1936, don haka zancen bai yi nisan da ake zato ba. Ba abin kunya ba ne ga wanda aka zalunta, amma sirrin ba na mai bincike ba ne shi kaɗai. A shawarci manyan gida kafin a saka wani abu a zauren WhatsApp na dangi.

Akwai kuma batun inda bayanan ke zuwa. A 2018 'yan sandan Kalifoniya sun gano wani mai kisan kai da aka daɗe ana nema ta hanyar danginsa da suka ɗora sakamakonsu a shafin GEDmatch. A 2023 masu kutse sun samu bayanan kimanin mutum miliyan 6.9 na kamfanin 23andMe, a watan Maris na 2025 kuma kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda karyewar jari. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, amma bin haƙƙi a kan kamfanin da ke wata ƙasa ba abu ne mai sauƙi ba. Wanda ya ba da yawunsa ya ba da wani ɓangare na bayanan 'ya'yansa da 'yan'uwansa. A karanta sharuɗɗa, a san yadda ake goge bayanai, kuma kada a yi wa dattijo gwaji sai an fahimtar da shi ya yarda.

Yadda za a jera aikin

A fara da littafin rubutu guda, a rubuta abin da aka sani tun daga kai zuwa sama, a ajiye wa kowane mutum shafinsa: sunayensa duka, iyayensa, matansa ko mazajenta, 'ya'ya, wuraren zama. A gaban kowane bayani a rubuta inda aka samo shi, wane ya faɗa, ran nawa, ko wace takarda ce. A bambanta abin da aka tabbatar da abin da ake kyautata zato. Daga nan a bi dattawa, sannan adakar gida, sannan kotu da fada da makaranta, sannan Kaduna da Sakkwato.

Gwajin DNA ya zo a ƙarshe, kuma ya zo da tambaya takamaimiya. Misali, gida biyu, ɗaya a Yelwa ɗaya a Kumasi, kowanne na cewa kakansu ɗaya ta wajen uba: gwajin Y na namiji ɗaya daga kowane gida zai nuna ko layin ɗaya ne. Ko iyalan da tashin 1968 ya raba tsakanin gaɓar Kebbi da gaɓar Jihar Neja suna son sanin kusancinsu: a gwada mafi tsufa a kowane ɓangare, domin kowane jeri da aka sauko rabin alamar ke ɓacewa.

Zumunta a ƙafa take. Bikin Rigata na Yauri da hutun Sallah da tarukan aure da suna su ne lokutan da dangi na nesa ke haɗuwa da tsofaffin da suka ga tsibiran da idonsu. Fayilolin Kaduna za su jira shekara mai zuwa, kwalbar gwaji ma haka. Wanda ke da kaka ko gwaggo da ta haye ruwa a 1968, ita ya kamata ya fara zuwa gaisarwa, da waya mai caji da littafin rubutu.